Neman kalma: me za mu kira aikin su Megaupload da Hausa?

Mai Shirin Kimiyya: Assalamu alaikum. Malamai a agaza min, gobe da hantsi zan naɗi shiri kan rufe Megaupload, kuma kalmar "file-sharing" ta tsaya min a wuya. Ga inda za ta zauna. Kim Dotcom, haifaffen Jamus, ya kafa shafin a 2005, mazaunin kamfanin a Hong Kong. Mutum zai ɗora fim ko waƙa ko takarda, shafin ya ba shi adireshi, duk wanda adireshin ya kai gare shi ya sauke. Ranar 19 ga Janairun 2012 ma'aikatar shari'ar Amurka ta ƙwace shafin, 'yan sandan New Zealand kuma, ranar 20 ga watan a agogon can, suka dira gidan Dotcom kusa da Auckland da jirage masu saukar ungulu suka kama shi. Na rubuta "raba fayil" amma kunnena ya ƙi yarda.

Hajiya Mai Fassara: Wa alaikumus salam. Kunnenka ya yi gaskiya, ƙanina. Raba na gado ne da nama, kowa ya ɗauki kashinsa abu ya ƙare. Fayil kuwa ko mutum miliyan sun sauke yana nan yadda yake. Mu "musayar fayil" muke sa wa a wurin aiki.

Bazazzage: Hajiya, musaya ai ba-ni-in-ba-ka ce. Mafi yawan masu shiga Megaupload ba su taɓa ɗora ko hoto ɗaya ba, sauke kawai suke yi. Musaya ta fi dacewa da Napster, wadda Shawn Fanning ya fito da ita a 1999. A can waƙoƙin suna cikin kwamfutocin mutane, Napster jerin sunaye kawai take riƙewa ta haɗa mai nema da mai abu, har shari'ar kamfanonin waƙa ta durƙusar da ita a Yulin 2001. Megaupload kuwa rumbu ne, kayan na kan na'urorinsa, da yawansu na haya a jihar Virginia, kuma a kotun tarayya ta can aka shigar da tuhumar. Abu biyu ne Turanci ya cusa a kalma ɗaya.

Ɗan Kasuwar Waya: Ku zo kasuwa ku ji. Yaro zai miƙo wayarsa ko memori ta tagar shago ya ce a tura masa fina-finai na ɗari biyu, mai shago ya jona waya a kwamfuta, kafin yaron ya gama ƙirga canji an cika masa. Turi muke cewa. Ka ce "shafin tura-tura", ko kakata za ta gane.

Malamin Nahawu: Kafin a kai ga raba ko musaya, wa ya ce "fayil" Hausa ce? Muna da kundi tun kafin Bature ya taka ƙasar nan. Shawarata ita ce "yaɗakundi", kalma ɗaya mai ginin Hausa tsantsa, irin faɗa-wuta. Shafin kuma a ce mayaɗar kundi, kamar yadda ake cewa majema da marina.

Hajiya Mai Fassara: Allah gafarta Malam, kundi a kunnen Bahaushe tarin takardun malami ne da aka ɗaure a gafaka, ko na ɗalibin jami'a. Wa zai ji kundi ya kawo fim a ransa?

Malamin Nahawu: Haka aka yi wa "yanar gizo" dariya, yau ga ta a bakin kowa. Matsalarmu raina namu. Faransawa sun kafa hukuma guda don tsaron harshensu, mu kuwa da an kawo kalmar gida sai a ce ta yi ƙauyanci.

Ɗan Kasuwar Waya: Malam, da girmanka, kai kanka "kalma" da "hukuma" da ka rubuta daga Larabci suke. Don me aron Larabci ya halatta, na Turanci ya haramta?

Malamin Nahawu: Wanda ya shekara ɗaruruwa a gida ba baƙo ba ne. Kuma ba za a ce 'yan kasuwa ne za su yanke wa harshe hukunci ba.

Ɗan Kasuwar Waya: To mu ne muke magana da shi daga safe zuwa dare.

Mai Shirya Fim: Ni duk wannan kewaye ne. Sunan abin satar fasaha. Takardar tuhuma ta ce sun tara sama da dala miliyan 175, sun jawo wa masu haƙƙin mallaka asarar fiye da dala miliyan 500, har lada suke biyan wanda kayan da ya ɗora suka fi samun masu saukewa. Na san zafin a saki fim yau, gobe ka gan shi a wayar wanda bai biya ko sisi ba. Kada a sa wa ɓarna suna mai daɗi.

Bazazzage: Yaya, zafinka gaskiya ne, amma lissafin nan na masu ƙara ne. Kuma ranar da aka kashe shafin, akwai masu ƙananan sana'o'i da suka ajiye bidiyon da suka ɗauka da hannunsu, suka wayi gari ba hanyar isa gare shi. Su me suka sata? Idan mai gabatarwa ya kira hanyar kanta sata, ya yanke hukunci tun kafin alƙali. Dotcom ya shafe fiye da shekara goma yana ja da miƙa shi ga Amurka a kotunan New Zealand, sai a Agustan 2024 ministan shari'a Paul Goldsmith ya sa hannu a takardar miƙa shi. A ajiye satar fasaha ga tuhumar, a nemo wa hanyar sunanta.

Hajiya Mai Fassara: Wannan na yarda da shi. Kuma "yaɗa" ɗin Malam ba laifi, kundin ne matsala. Labari ake yaɗawa, kuma ba ya raguwa a bakin mai faɗa.

Mai Shirin Kimiyya: Na gode ƙwarai. Lokaci ya ƙure, ga abin da zan karanta: "Megaupload, shafin ɗorawa da sauke fayiloli, wanda Amurka ta rufe bisa zargin satar fasaha." Idan na zo kan Napster zan ce musayar waƙoƙi tsakanin kwamfutoci. Inda ake buƙatar suna ɗaya gajere, yaɗa fayil.

Ɗan Kasuwar Waya: Ka jefa tura-tura ko sau ɗaya ne a cikin bayani, don masu sauraro na kasuwa.

Malamin Nahawu: "Ɗorawa da sauke fayiloli" bayani ne, ba kalma ba, kuma jam'in nan fayiloli ma sai an zauna a kansa. Ka yi shirinka tunda rabin kalmata ta shiga. Ni dai a ajina yaɗakundi zan ci gaba da koyarwa.