Faɗan Shanxi na 2157 a Mass Effect: yaƙi ne ko arangama, kuma da wane suna za a rubuta shi?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina tattara jerin rikice-rikicen soja da aka ambata a tarihin duniyar wasan Mass Effect, wanda kamfanin BioWare ya fara fitarwa a 2007, kuma na kasa su gida uku: cikakken yaƙi, tawaye, da arangama. Yawancinsu ba su ba ni wahala ba, amma faɗan da ya ɓarke tsakanin 'yan Adam da Turiyawa (Turian, wata al'ummar baƙin halitta ta sararin samaniya) a shekarar 2157 ya tsaya mini a wuya.

Ga yadda labarin yake ga wanda ya manta. Bayan 'yan Adam sun gano kufan wata tsohuwar al'umma a duniyar Mars a 2148, sai suka shiga kunna duk wata mashigar sararin samaniya da suka ci karo da ita, wato manyan na'urorin nan da ke cilla jirgi daga wani yanki na taurari zuwa wani. Wata rundunar sintiri ta Turiyawa ta tarar da su suna ƙoƙarin kunna mashiga mai lamba 314, abin da dokar Majalisar Citadel, wato hukumar da ke jagorantar al'ummomin taurari daga tashar sararin samaniya ta Citadel, ta haramta, sai ta buɗe musu wuta ba tare da ta tsaya yin bayani ba. Daga nan abu ya kai ga mamaye Shanxi, ɗaya daga cikin matsugunan 'yan Adam, kafin Majalisar ta shiga tsakani. Gaba ɗaya dai kimanin wata uku aka yi.

'Yan Adam suna kiransa Yaƙin Haɗuwar Farko, su kuwa Turiyawa suna kiransa Lamarin Mashiga ta 314. Wane suna ya kamata in ɗora a kan jerin, kuma a wane rukuni zan ajiye shi?

Malam Na-Tsakiya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Ɗan Birni. A ganina yaƙi ne, kuma hujjata ita ce abin da ya faru a ƙasa, domin ba a taɓa yin arangamar da ta haɗa da kewaye gari, da miƙa wuya, da mulkin mamaya, da kuma zuwan wata runduna ta ƙwato garin ba. Duk waɗannan sun auku a Shanxi. Turiyawa sun karya jiragen da ke tsaron wurin, sannan suka riƙa sako tarkace daga sararin sama a kan unguwanni, ta yadda sukan rushe layin gidaje guda domin kawai su kashe 'yan tsirarun sojojin da suka ɓuya a ciki. Janar Williams ya ga dakarunsa ba sa iya fita neman abinci ba tare da an hallaka fararen hula ba, sai ya miƙa wuya, ya zama kwamandan ɗan Adam na farko da ya sallama wa baƙin halitta. Bayan kusan wata guda Admiral Kastanie Drescher ta iso da Runduna ta Biyu, ta shammaci Turiyawa, waɗanda suka ɗauka sun riga sun murƙushe mafi yawan ƙarfin abokan gabarsu, ta fatattake su daga Shanxi.

Idan kuma kana son ma'auni na lissafi, masu nazarin yaƙe-yaƙe na duniyarmu ta zahiri sun daɗe suna amfani da mutum 1,000 da suka mutu a fagen fama a cikin shekara guda a matsayin iyakar da ke raba yaƙi da ƙaramin rikici. 'Yan Adam sun rasa mutum 623, Turiyawa kuma sun rasa abin da ya ɗan ɗara haka, saboda haka jimillar ta haye iyakar. Ka kwatanta da faɗan tsibiran Falkland na 1982 tsakanin Birtaniya da Ajantina: kwana 74 aka yi, babu ɓangaren da ya shelanta yaƙi a hukumance, sojojin Ajantina 649 da na Birtaniya 255 suka mutu, amma babu mai jayayya a yau cewa yaƙi ne. Gajartar lokaci ba ta hana abu zama yaƙi.

Uwar Ɗaki ta amsa:

Malam, ban ƙi bayaninka ba, amma ina ganin ka auna abin da mudun 'yan Adam, alhali jerin da ɗan'uwanmu yake haɗawa na dukkan taurarin ne. A cikinsa akwai Yaƙe-yaƙen Rachni, waɗanda aka yi da wasu baƙin halitta masu kama da ƙwari, suka kuma ɗauki kusan ƙarni uku, akwai kuma Tawayen Krogan, na wata al'ummar mayaƙa da ta yi wa Majalisar bore, wanda a cikinsa aka riƙa jefa manyan duwatsun sama a kan duniyoyin Turiyawa har wasu suka zama kufai. Idan aka ajiye faɗan wata uku a kan matsuguni ɗaya a layi guda da waɗannan, rukunin ya rasa ma'ana.

Sannan a dubi niyyar Turiyawa tun farko. Su ne ke riƙe da aikin tsaron yankin Majalisar, kuma dokar da suka je tabbatarwa tana da tushe, domin kunna mashiga ba tare da sanin inda ta nufa ba shi ne ya janyo bala'in Rachni. A wurinsu sun kama masu karya doka ne, suka bi su har gida. Ba su fara shirin yaƙi na gaske ba sai bayan da Drescher ta kore su, kuma wannan shirin ne ya ja hankalin Majalisar har ta tsayar da komai. Ke nan yaƙin da ya kamata a yi ba a yi shi ba. Abin da aka gani share fage ne kawai.

Malam Na-Tsakiya ya sake amsawa:

Hajiya, batun niyya shi ne wurin da na fi ƙin yarda. Gwamnatoci sun saba ba wa yaƙi ƙaramin suna a farkonsa, ko don suna zaton zai ƙare da wuri, ko don kada su ɗaga darajar abokin gaba. A watan Yulin 1967 gwamnatin tarayyar Najeriya ta kira farmakinta a kan Biyafara matakin 'yan sanda, sai ga shi an kai Janairun 1970 ana fafatawa, kuma babu wanda yake rubuta shi a yau da wani suna in ba Yaƙin Basasa ba. Shugaba Truman na Amurka ma ya amince da irin wannan lafazi a kan yaƙin Koriya a 1950. Da Turiyawa suka ce lamari, suna nufin cewa wanda suka kara da shi bai kai matsayin abokin yaƙi ba, kuma wannan matsayi ne na siyasa, musamman ga daular da aka tilasta wa biyan diyya bayan sulhu.

Game da girma kuwa, maganin matsalar shi ne a raba rukunin yaƙi gida biyu, babba da taƙaitacce, maimakon a tura Shanxi cikin arangama.

Mai Nazari ya amsa:

Na karanta bayanan Malam da na Hajiya, kuma ina ganin tambayar Ɗan Birni tambayoyi biyu ne da aka ɗaure da igiya ɗaya. Rukuni ana yanke shi ne da abin da ya faru, kuma a nan ina tare da Malam: taƙaitaccen yaƙi ne. Suna kuwa shaida ce a kan wanda ya raɗa shi, saboda haka zaɓen ɗaya a jefar da ɗaya asara ce ga jerin.

Marubutan wasan da gangan suka yi haka, kuma ba sau ɗaya ba. Faɗan da ya raba al'ummar Quarian da duniyarsu Rannoch a wajen 1895 suna kiransa Yaƙin Geth, da sunan na'urorin da suka ƙera suka kuma yi yunƙurin kashewa, su kuwa Geth suna kiransa Yaƙin Safiya, domin a farkon wayewar hankalinsu ya auku. Tawayen Krogan da Hajiya ta kawo ya fi kowanne nuna haka. Krogan suna da jiragensu da duniyoyinsu da dakarunsu, an kuma shafe shekaru masu yawa ana gwabzawa kafin a karya su da cutar da ta hana mafi yawan 'ya'yansu zuwa duniya da rai, amma saboda Majalisar ce ta yi nasara ta kuma rubuta tarihi, sai abin ya zauna a matsayin tawaye. Duk wanda ya bi suna wajen rarrabawa zai jefa ɗaya daga cikin manyan yaƙe-yaƙen labarin a rukunin da ba nasa ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba za a iya watsar da sunan 'yan Adam ba ko da an karɓi hujjar Hajiya a kan girma. Abin da mutuwar mutum 623 ta haifar ya fi adadin nesa ba kusa ba. Kafin Shanxi, Ƙawancen 'yan Adam hukumar kula da matsugunai da jiragen sararin samaniya ce da manyan ƙasashen Duniya suke juyawa. Da ƙasashen suka tsaya jayayya a kan wanda zai jagoranci martani, Ƙawancen ya tura runduna da kansa, kuma farin jinin da ya samu ne ya ba shi damar kafa majalisar dokokinsa a 2160, sannan a 2165 aka ba 'yan Adam ofishin jakadanci a Citadel. Wanda ya buga wasan farko zai tuna Ashley Williams tana ba da labarin yadda sunan kakanta, Janar Williams, ya hana mahaifinta ƙarin girma a soja, ita ma ya bi ta, shekara 26 bayan faɗan. Zai kuma tuna gangamin jam'iyyar Terra Firma a Citadel ranar tunawa da tsagaita wuta, inda shugabanta Charles Saracino yake neman goyon bayan Shepard, jarumin wasan.

Ɗan Birni ya amsa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Zan raba rukunin yaƙi gida biyu kamar yadda Malam ya ba da shawara, in sa faɗan 2157 a cikin taƙaitattu, sannan in buɗe wani gurbi na sunaye inda kowane suna zai zo tare da ɓangaren da ke amfani da shi. Zan kuma mayar da Tawayen Krogan cikin manyan yaƙe-yaƙe ba tare da na taɓa sunansa ba. Abin da ya rage mini shi ne harin da 'yan fashin sama da masu cinikin bayi suka kai wa matsugunin 'yan Adam na Elysium a 2176 da ramuwar da Ƙawancen ya yi a kan sansaninsu na Torfan a 2178: ina so in ji ko ku kuna ɗaukarsu rikici ɗaya mai zango biyu, ko kuwa kowanne a rubuta shi a layinsa.