Tambaya akan dodon koɗi na ƙasan teku, musamman mai sulken ƙarfen nan

Ɗalibar_Bayoloji:
Salam ƴan uwa, dan Allah masu ilimin halittun ruwa ku taimaka min. Jiya na kalli wani bidiyo na dodon koɗi da yake rayuwa can ƙasan teku, ƙafarsa duk sulke kamar na mayaƙan da, wai har maganaɗisu na kama shi, tun jiyan abin ya tsaya min a rai. Shin danginsu ɗaya ne da katantanwar da muke tsinta da damina? Kuma ta yaya masana suke raba su gida-gida tunda wurin ba zuwa ake yi ba? Sannan a ko'ina cikin teku ake samunsa ko sai wani waje?

Malam_Kimiyya:
Wa'alaikis salam ƴata, tambaya mai kyau. Wanda kika gani sunansa na kimiyya Chrysomallon squamiferum, a 2001 aka fara ganinsa a wani waje da ake kira Kairei a Tekun Indiya, zurfin wajen mita 2,400, inda ruwan zafi yake tsartuwa daga ƙasan teku kamar hayaƙi, amma ba a raɗa masa suna a hukumance ba sai 2015. Maganar maganaɗisu gaskiya ce, saman ɓawonsa da sulken ƙafar akwai ƙarfe haɗe da farar wuta. Shi da namu na damina duk babban rukuninsu ɗaya, Gastropoda, amma daga nan hanya ta rabu, shi ɗan gidan Peltospiridae ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ma ba sulken ba ne, cinsa ne. Ba ya kiwo kamar namu, wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke zaune a wata jaka a maƙogwaronsa, su ke sarrafa sinadaran ruwan zafin nan su samar masa da abinci, shi ya sa zuciyarsa ƙatuwa ce in aka gwada da jikinsa, wajen kashi 4 cikin ɗari, don ya riƙa kai musu iska. Ikon Allah kenan, wurin da ko ɗigon hasken rana babu.

Abu_Fasifik:
Malam ya gama magana, ni dai zan ɗan ƙara akan batun rabe-raben don nan ne rikicin yake gaskiya. Da can masana da ɓawo suke aiki, su duba murɗinsa da bakinsa da ƴan haƙoran da ke kan harshen dabbar, to matsalar ita ce ɓawo yana yaudara sosai. Misali akwai wani mai gashi-gashi a jiki, Alviniconcha, a 1988 aka bayyana shi daga yankin Mariyana a yammacin Fasifik, sunan ma daga ƙaramin jirgin nutso Alvin aka samo shi, shekara da shekaru ana ganin kamar abu ɗaya ne, da aka zo aka gwada ƙwayoyin gado sai ga shi kala shida ne daban-daban alhali a ido da wuya ki bambance su. Haka gidan Turridae, nan aka dinga jibge duk wanda aka rasa inda za a sa shi, dubbai, sai a 2011 aka farfasa gidan ya koma fiye da goma. Shi kansa mai sulken, na Solitaire (wata maɓuɓɓugar ruwan zafin a Tekun Indiya) farare ne babu ƙarfen, na Kairei baƙaƙe, in ka gansu ka rantse ba ƴan uwa ba ne amma jinsi ɗaya ne.

Ɗalibar_Bayoloji:
Kai na gode sosai Malam, na gode yaya. To amma in babban ba ya iya barin wajen ruwan zafin, ya aka yi ya je wani wurin mai nisa?

Malam_Kimiyya:
Ƴaƴan ne ke tafiya ba iyayen ba. In an ƙyanƙyashe su ƴan mitsi-mitsi ne, igiyar ruwa ta ƙasa ke kwasarsu, wanda Allah ya sa ya dace da wata maɓuɓɓugar sai ya zauna, sauran su mutu a hanya. Shi ya sa rabuwarsu take tsibi-tsibi, nan akwai can babu. Mai sulken nan a Tekun Indiya kaɗai aka sanshi, Kairei da Solitaire da Longqi su ne wuraren farko, kuma Longqi ta yi wa sauran biyun nisan sama da kilomita 2,000, gwajin gado ya nuna ba sa cakuɗuwa sosai da na can. In kika je Fasifik wajen Fiji da Tonga wasu ne ke riƙe da wurin, Alviniconcha ɗin nan da Ifremeria. Zurfi ma yana raba su, in aka wuce mita 4,000 zuwa 5,000 ruwan yana narkar da allin da suke gina ɓawo da shi, sai ki ga na can ɓawonsu siriri ne.

Uwar_Ƴan_Biyu:
Ni abin da ke damuna gaskiya shi ne haƙar ma'adinai. Na karanta cewa a 2019 aka sa wannan dodon koɗin a jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, kuma shi ne na farko da aka sa saboda barazanar haƙo ma'adinai a ƙasan teku, don a lokacin Jamus na da lasisin bincike a Kairei, Sin kuma a Longqi. Wuraren ƴan ƙanana ne fa, in aka tone su ƴaƴan nan da Malam ya ce suna yawo a ruwa ina za su sauka?