Allon shagona ya cika hayaniya, me zan gyara?

Tela daga Gusau: Salamu alaikum jama'a. Na ba mai fenti aikin allon shagona a Tudun Wada. Ya yi jan rubutu a kan kore, ya jera sunan shago, lambar waya biyu, hoton keken ɗinki da furanni, duk girmansu ɗaya. Mai wucewa a kan babur ba ya iya karanta komai. Abin na damuna ƙwarai. Ina matsalar take?

Mai zanen alluna, Ƙaura Namoda: Wa alaikumus salam, Malam. Ja da kore ba sa barin ido ya huta, wasu ma ba sa iya bambanta su. A sa fari a kan shuɗi mai duhu. Sunan shago ya fi komai girma, lambar waya ɗaya a ƙasa. Furannin nan a goge su, a bar fili.

Mai ɗinkin hannu, Talata Mafara: Ɗan'uwa, ai amsar tana hannunka. Dubi babbar riga mai aska takwas: aikin ya taru a ƙirjin hagu, wajen aljihu, sai tambari guda a dama ya riƙe nauyin. Ɓangarorin ba iri ɗaya ba ne, amma rigar ba ta karkace ba. Sa keken a gefe guda, rubutu a ɗayan.

Tela daga Gusau: Na gode, Allah ya saka. Gobe zan kira mai fentin.