Neman shawara: barcina ya dawo, amma abin da masu yogar ke nema yanzu ya tsaya mini a rai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ni ɗalibi ne, ina digiri na biyu a nan Indiya, a jihar Maharashtra. Tun bayan rasuwar mahaifinmu bara barci ya ƙaurace mini. In na kwanta sai gabana ya yi ta faɗuwa, tunani ya yi ta zuwa, sai dab da asuba ido zai rufe. Karatu ya fara taɓarɓarewa. Wani abokin ajina ɗan ƙasar nan, mutumin kirki ƙwarai, shi ya ja ni wata cibiyar yoga da yake zuwa.

Da farko ba komai a ciki sai miƙe jiki da zama a kan shimfiɗa. Ka tanƙwashe ƙafa, ka toshe kafar hanci ɗaya da babban yatsa, ka ja numfashi a hankali ta ɗayar, ka sauya. Wallahi ba a jima ba na fara barci kamar kowa. Daga baya aka matsar da mu ajin gaba, inda ake numfashi da sauri-sauri, ciki na shiga yana fita. Wata rana ana tsaka da yi yatsuna suka riƙa tsikari, leɓena ya yi nauyi, na ga haske alhali idona a rufe, sai ga hawaye. Mai koyarwar ya ce albarkar gurunsu, wato babban malaminsu na addini, ce ta sauko mini, wai wani ƙarfi da ke kwance a ƙasan gadon bayana, kundalini, shi ne ya fara farkawa.

Yanzu so suke in karɓi abin da suke kira diksha. Za a raɗa mini wasu kalmomi a kunne waɗanda ba zan faɗa wa kowa ba, in biya kuɗi masu ɗan kauri, in je ashram ɗinsu, wato gidan da gurun ke tara mabiyansa, in kwana biyu. A zauren akwai babban hoton gurun, an rataya masa furanni, ga fitila tana ci a gabansa, wasu har goshi suke kaiwa ƙasa. Ni ban taɓa yi ba. Da na tambayi ma'anar kalmomin sai aka ce mini shakka cuta ce ta zuciya, kuma wanda ya bar hanya bayan an buɗe masa, abin da ya baro zai dawo masa ninki.

Abin da na ji a jikina gaskiya ne, ba mafarki na yi ba. To mene ne shi? Na riga na faɗa shirka ne? In na bari rashin barcin zai dawo? Ku taimaka mini.

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ba sai an ja magana ba. Ka fita yau, kada ka sake taka wurin. Hoto da fitila da sujada, me kuma kake jira ka gani? Ka yi istigfari, ka riƙe azkar na kwanciya barci.

Dakta Maman Sadiq:
Allah ya jiƙan Baba, ƙanina. Bari in ɗauki tambayarka ta farko, don ita ce igiyar da suka riƙe ka da ita. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma duk likita ya san shi. In mutum ya yi ta numfashi da sauri, yana fitar da iskar kabon daga jininsa fiye da kima. Da ta yi ƙasa sai jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, sai jiri, sai ganin haske ko ɗige-ɗige, yatsu da leɓe su yi tsikari, wani ma hannunsa har ƙandarewa yake yi. Muna ganin haka a asibiti wajen wanda tsoro ya kama, babu guru a kusa. Hawayen kuwa, mutum ne da ke riƙe da mutuwar uba a ƙirji, ya samu wuri shiru ya zauna. Ina mamaki a nan?

Numfashin a hankali shi ne ya gyara maka barci. Jan numfashi da fitar da shi a tsanake, kamar sau shida a minti, yana rage bugun zuciya, ya kwantar da jiki. Wannan ba mallakar kowa ba ne. Tun 1979 Jon Kabat-Zinn ya fara koyar da marasa lafiya irin wannan natsuwar a asibitin Jami'ar Massachusetts, shiri na mako takwas, ba hoto ba fitila. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sa yoga cikin abubuwan da mai daɗaɗɗen ciwon baya zai gwada kafin ya kai ga magani. Amfaninta ba a musu.

Amma ina roƙonka ka daina na saurin nan. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown ta daɗe tana bin mutanen da dogon zaman tunani ya jawo musu fargaba, rashin barci, ko jin kamar sun rabu da jikinsu. Mai ɗanyen baƙin ciki bai kamata a kulle shi a ashram ba wanda ya san lafiyarsa. Ka nemi mai ba ɗalibai shawara a jami'arku ko likitan ƙwaƙwalwa. Zuwa wajensu ba hauka ba ne.

Malam na Zariya:
Baban Hanifa, Allah ya saka da kishin addini, amma mu sassauta masa, tambaya ya zo yi. Ɗana, kai da bakinka ka ce ba ka yi sujada ba, ba ka karɓi kalmomin ba, zuciyarka ma ƙyamar abin take. Wannan ƙyamar ita ce imanin. Kada Shaiɗan ya ƙara maka nauyi a kan wanda kake ɗauke da shi.

Malaman ƙasashen da ke zaune da mabiya Hindu sun duba mas'alar nan. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008, saboda tsoron abin da ke cakuɗe da ita na bauta. A farkon 2009 majalisar malaman Indonesiya ta rarrabe: wadda ake rera mantara, wato kalmomin bauta da ake maimaitawa, da ibadun Hindu haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla babu laifi. Saudiyya kuma ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Ka ga saɓanin yana kan miƙe jikin ne. Diksha kuwa ba ta cikin saɓani, domin mubaya'a ce ta addini, su ma ba su ɓoye ba. Kalmar da za ka yi ta maimaitawa ba ka san ma'anarta ba, galibi sunan abin bautarsu ne ko kirarinsa.

Maganar haske da hawaye, ko da Dakta ba ta yi bayani ba, ba hujja ba ce. An ruwaito daga Abu Yazid al-Bisɗami cewa ko ka ga mutum yana tashi sama, kada ya ruɗe ka sai ka ga yadda yake da umarni da hani. Ibn Sirin kuma ya ce ilimin nan addini ne, ku duba daga wa kuke karɓar addininku.

Tsohon ɗalibin Chandigarh:
Ni ina Chandigarh a watan Agusta 2017, ranar da kotu a Panchkula, garin da ke maƙwabtaka da mu, ta samu wani babban guru, Gurmeet Ram Rahim Singh, da laifin yi wa mabiyansa mata biyu fyaɗe. Kwanaki kafin hukuncin mabiyansa suka cika gari, tsofaffi da mata da goyo suna kwana a gefen titi. An katse intanet na waya, mu baƙi muka kulle kanmu a ɗaki. Da hukunci ya fito aka fara ƙona motoci, sama da mutum 30 suka mutu. Shekara 20 aka yanke masa. Abin da ban manta ba shi ne wani dattijo mai shagon da muke sayen madara, mabiyinsa ne, bai taɓa cutar mu ko da rupi ɗaya ba. Bayan hukuncin ya ce mini da hawaye sharri aka yi wa Pitaji, haka suke kiransa, wato uba. Ya ce a dalilinsa ya daina shan giya. Kuma na yarda ya daina ɗin. Nan ne wahalar take, ɗan uwa: amfanin da mutum ya samu na gaske ne, shi ya sa ba ya iya jin komai a kan wanda ya ɗauka shi ya ba shi.

Ba shi kaɗai ba ne. Asaram, wani guru mai ashram birjik a faɗin ƙasar, ɗaurin rai da rai aka yi masa a Jodhpur a 2018 kan fyaɗen yarinya 'yar shekara 16. Mutanen Rajneesh, wani gurun da cibiyarsa ke Pune a jiharku, sun zuba ƙwayoyin cuta a abincin gidajen cin abinci a Oregon ta Amurka a 1984, mutum 751 suka kamu. Kada ka zaci shakkar ta mu Musulmi ce kawai. Narendra Dabholkar likita ne ɗan Maharashtra, ya ƙarar da rayuwarsa yana tona asirin masu da'awar mu'ujiza, aka harbe shi a Pune a 2013, bayan mutuwarsa jihar ta yi dokar hana damfara da sunan tsafi.

Ban ce naku haka yake ba, ban san shi ba. Akwai masu koyar da yoga na ƙwarai da yawa, su karɓi kuɗin aji, su koya maka, ka tafi gida. Amma sirri, da kuɗi mai ƙaruwa, da hana tambaya, da tsoratar da mai son fita, duk huɗun ka lissafa su da kanka.

Muƙaddam:
Ina da ɗan gyara, kada zancen ya koma cewa duk miƙa wuya ga malami ruɗi ne. Mu 'yan ɗariƙa mun san tarbiyya ba ta yiwuwa sai da shehu, kuma akwai abin da almajiri ba zai gane ba sai ya ɗanɗana. Indiyawan nan ma ba wasa suke ba, ilimi ne mai tsohon tarihi a wajensu. Al-Biruni ya fassara littafin Patanjali, tsohon littafin yoga, zuwa Larabci tun ƙarni na 11 don Musulmi su san me ke ciki, kuma a tsarin Patanjali zaman jiki ɗaya ne kawai cikin rassa takwas, sauran tarbiyyar rai ce a kan fahimtarsu. Wato wanda ya ce maka yoga motsa jiki ce kawai bai faɗa maka duka ba, na cibiyarku sun fi shi gaskiya ta nan. Sai dai shehun ƙwarai wuridinsa a fili yake, ka san ma'anar kowace kalma, silsilarsa sananniya ce, kuma in ya umarce ka da saɓon Allah ba ka bin sa. In natsuwa kake nema, muraƙaba da zikiri suna nan a gidanku.

Baban Hanifa:
Muƙaddam, da girmamawa, mu ma a gida muna da masu cewa kada almajiri ya tambaya. Nawa aka cuta da sunan malanta?

Muƙaddam:
Da yawa, Alhaji, ban musa ba. Ma'aunin da na ba shi da shi nake auna namu.

Anti Bilki:
Ni shekaru ina yin miƙe-miƙen nan saboda ciwon baya, likitar gashin ƙashi ce ta koya mini a Delhi lokacin da na kai mijina jinya. A ɗakina nake yi bayan sallar asuba. Surya namaskar kawai na ajiye, tunda gaisuwar rana ce, raina bai kwanta da ita ba. Abu ɗaya zan ƙara: za ka ji ana yaba kwas ɗin Vipassana, wato zaman tunani shiru na kwana 10, na malami S. N. Goenka, babbar cibiyarsu tana Igatpuri, nan kusa da ku. Kyauta ne, mutane da yawa sun ce sun amfana. Amma dokarsu a rubuce take cewa a dakatar da duk wata addu'a, azumi da jan carbi har a gama. Ka karanta kafin wani ya ce maka ga mafita.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Dakta, bayaninki ya sauke mini dutse daga ƙirji. Diksha dai na fasa. Abin da ya rage shi ne abokina. Shi ya riƙe ni lokacin rasuwar, har abinci mahaifiyarsa take aiko mini. Ya yarda da gurun nan ɗari bisa ɗari. Yaya zan faɗa masa ba tare da na ci masa fuska ba?

Dakta Maman Sadiq:
Ka gode masa tukuna, don ya cancanta. Ka ce masa numfashin ya taimake ka kuma za ka ci gaba da shi a ɗakinka, amma addininka bai ba ka damar karɓar mantara ko rusuna wa hoto ba. Indiyawa sun saba da wannan, suna zaune da Musulmi kusan miliyan 200. Kada ka kawo masa labarin Ram Rahim ko Asaram, zai ji kamar ka zagi ubansa ne. In 'yan cibiyar suka dame ka da kira, amsa ɗaya ta isa, sannan ka rufe lambar. Ka kuma sa a ranka za a iya samun daren da barci zai ƙi zuwa, musamman in lokacin rasuwar Baba ya zagayo. Haka baƙin ciki yake yi wa kowa, ba bakin guru ba ne ya kama ka. In ya wuce mako biyu a jere, ka je asibiti, ka kuma kira Mama ku yi hira, ita ma tana cikin abin da kake ciki.

Malam na Zariya:
Ka turo mini sunan mahaifin naka ta akwatin sirri, za mu sa shi a addu'a ranar Juma'a in sha Allahu.