Rauni ya warke, zogi ya ƙi tafiya: ina kumburin yake?

Ɗalibin likitanci:
Assalamu alaikum malamai. Idan allurar ɗuwawu ta taɓa jijiyar sayatik, babbar jijiyar da ke sauka daga ɗuwawu zuwa ƙafa, ana cewa kumburi ne ke kawo raɗaɗin da ke biyo baya. To me ya hana diclofenac kashe shi?

Mai binciken jijiyoyi:
Wa alaikumus salam. Diclofenac ƙofa ɗaya yake toshewa, ta sinadarin COX, mai samar da furostagilandin da ke jawo kumburi da zafi. Nan kuwa ƙofofin da yawa. Cikin sa'o'i kaɗan ƙwayoyin Schwann da ke naɗe da jijiyar kan saki sinadaran kumburi TNF-alfa da IL-1beta. Daga cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, nutirofil su fara isowa, makurofej su cika wurin daga kwana 3 zuwa 7 suna share matacciyar jijiya. NGF kuma, sinadarin raya jijiya, ya kama makarɓinsa TrkA, ya sa TRPV1, mai jin zafi a jikin jijiya, saurin tashi, har ɗumin ruwan wanka ya koma kamar wuta. Hanyoyin sodiyam su taru a bakin raunin, jijiyar ta riƙa harbi ba wanda ya taɓa ta.

Likitan zogi:
Kada a manta da lakar ƙashin baya, can ne abin ke kafa gindi. Jijiyar da ta ji rauni takan aika sinadarin CSF1 ta tayar da maikurogiliya, ƙwayoyin garkuwa na cikin laka. Su ƙara makarɓan saƙo na P2X4 a jikinsu, su zubo sinadarin BDNF, shi kuma ya rage KCC2, famfon da ke fitar da kuloraid daga ƙwayar jijiya. Kuloraid na taruwa, birkin GABA, sinadarin da ke danne saƙon zafi, ya saki. Shi ya sa majinyaci ke janye ƙafa in gefen zanin gado ya goge ta. Amma yawancin wannan a ɓeraye aka gano shi, kuma binciken 2015 ya nuna matan ɓeraye sun fi bi ta ƙwayoyin T na garkuwar jiki maimakon maikurogiliya.

Mai haɗa magunguna:
Maganin irin wannan zogin ga babba, amitriptyline miligiram 10 zuwa 25 da dare, a ɗaga a hankali har 75. A kula da mai ciwon zuciya da tsoho. Ko gabapentin, a fara da miligiram 300, a kai 1800 a rana kashi uku, a rage idan ƙoda ta yi rauni. Abin da ke damuna shi ne a sha kwana huɗu a ce bai yi ba, alhali sai an ba shi makonni. Kuma ba a yanke shi farat ɗaya. Yaro kam, likitansa ne zai auna masa.

Likitan zogi:
In ƙafa ta fara ja da ƙasa, a sa takalmin tallafi, a fara gashin ƙashi, a yi gwajin EMG, mai auna aikin tsoka da jijiya, bayan mako 3 zuwa 4. Allurar ƙananan yara kuma a mayar da ita gefen cinya.