'Yar tsana ko katun: wanne zan fara nuna wa 'yata?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. 'Yata ta cika shekara 4, kuma ina so ta san su Kermit kwaɗo da Miss Piggy da Fozzie, 'yan tsanan Muppets waɗanda na tashi da su. Zaɓi biyu ne a gabana, kuɗin ɗaya gare ni. Ko in sayi faya-fayan tsohon The Muppet Show na 'yan tsana, wanda aka yi daga 1976 zuwa 1981, ko in biya kuɗin manhajar kallo ta riƙa ganin Muppet Babies na kwamfuta da aka fara a 2018, inda aka zana su suna jarirai. Ku lura da abu biyu: yarinyar matsoraciya ce, ko mutum ta gani ya sa kayan dabba a wajen wasan yara sai ta ƙanƙame ni tana ihu. Sannan intanet ɗin gidana sai a hankali. Wanda ya gwada da ɗansa ya faɗa min yadda ta kaya.

Dattijo: Wa alaikumus salam. Thunderbirds za ka nema mata, na 1965. 'Yan tsana ne da ake ja da zare daga sama, kana ma iya hango zaren idan ka zuba ido. Da wuya ka ga suna tafiya, don tafiyar ba ta yi musu kyau, shi ya sa kullum suna zaune a jirgi ko a mota. Idan za a nuna hannu yana danna maɓalli kuwa, hannun mutum na gaske ake sakawa. Da suka sabunta shi da kwamfuta a 2015 ko kashi ɗaya ban iya ƙarasawa ba.

Ummu Hanif: Baba Dattijo, an ce maka yarinya tana tsoron mai kayan dabba, kai kuma ka kawo mata mutanen da ba sa iya tafiya. Allah ya ba ka haƙuri.

Sadiq 3D: Na kwamfuta ya fi, ba ma a haɗawa. 'Yar tsana fuska ɗaya gare ta har abada. A zane kuwa gira tana ɗagawa, kumatu yana motsi, ana iya tsalle a yi gudu. Dubi Yoda na fim ɗin Star Wars: a 1980 mai wasa da 'yar tsana Frank Oz ne yake ƙarƙashin dandamali da hannunsa a ciki, da ƙyar yake takawa. A 2002 da aka yi shi da kwamfuta har faɗa ya yi da takobi yana juyi a sama.

Dattijo: To me ya sa a 2017 suka koma suka ƙera masa 'yar tsana? Amsa min wannan, yaro.

Abu Mus'ab: Baban Amira, ɗan'uwana, ka saurare ni don ni abin ya ci. Tun kafin a haifi ɗana nake burin ranar da za mu zauna mu kalli Kermit tare. Kuskuren gidanmu shi ne an bar shi ya fara ganin na kwamfuta a wayar uwarsa. Da ya kai shekara 5 na ce lokaci ya yi. Na ga wani mai sayarwa a intanet ya sa hoton kwali mai kyau, wai cikakken saitin The Muppet Show, zango biyar cif. Na tura kuɗi ban ko yi ciniki ba. Da kaya suka iso, faya-fayan babu hoto a jikinsu, da alƙalami aka rubuta lambobi. Na farko da na biyu sun yi. Daga na huɗu hoton dishi-dishi, da tambarin wata tasha a kusurwa, ashe daga talabijin aka kwafo. Na biyar ko motsi bai yi ba. Na yi wa mutumin magana, ya ce na'urata ce matsala, washegari ya toshe ni.

Wannan duk mai sauƙi ne. Na sa na farkon, na ɗora yaro a cinya, aka fara kiɗa, ni har idona ya kawo ruwa. Shi kuwa ya yi shiru yana kallo, can ya miƙe ya je gaban talabijin ya sa yatsa ya ce, "Baba, ga sanda a hannunsa." Wato siririn ƙarfen da ake motsa hannun Kermit da shi. Daga nan ya ce wannan na bogi ne, a sa masa na gaske. Na gaske! Kermit ɗin da Jim Henson, mai ƙirƙirar Muppets, ya ɗinka tun 1955 da tsohuwar rigar sanyin mahaifiyarsa, ya raba ƙwallon tebur biyu ya yi masa idanu, shi ne ya zama na bogi a gidana. Na yi ta lallashi, ya ce shi wannan tsoho ne, nasa jariri ne. Har yau idan na ɗauko kwalin sai ya fice daga falon.

Ummu Hanif: Wayyo. Yi haƙuri Abu Mus'ab, amma wallahi na yi dariya a wajen sandar nan.

Kawu Zolaya: Yaron nan a kai shi aikin bincike idan ya girma. Mu mun shekara goma muna kallo ba mu ga sanda ba.

Malama Rabi: Abu Mus'ab, tun daga tallar ya kamata ka yi shakka. Shirin kashi 120 ne a zango biyar, amma zango uku na farko kaɗai aka fitar a faifan DVD a hukumance. Na huɗu da na biyar ba su fito haka ba, sai a 2021 da aka ɗora kusan duka shirin a manhajar Disney+. Duk wanda ya ce maka yana da biyar a kwali, kwafi ne. Baban Amira, wannan ya shafe ka: a manhajar akwai tsohon da sabon duka, in har tana aiki a ƙasar da kake.

Abu Mus'ab: Malama, yanzu kuma laifina ne? Ni aka cuta fa. Kuma ba a nan ya tsaya ba, sai da na sayi 'yar tsanar kwaɗo da ake zura hannu, na ce ko idan ya taɓa da hannunsa zai gane. Ta iso bakinta a ɗinke, ba ya buɗewa. Me za ka yi da 'yar tsanar da ba ta buɗe baki?

Kawu Zolaya: Ka ba ni ita, zan kai wa wani abokina kyauta ko zai koyi darasi.

Nura K: Faifan ai arha ne. Na sayi zango na farko na hannu, bai kai kuɗin manhaja na wata ɗaya ba.

Abu Mus'ab: Wane arha? Abin da na biya ya isa kuɗin manhaja na shekara guda.

Hajiya Bilki: Ku duka kun manta kuɗin kawowa. Nawa kuɗin kawowar ya fi na faifan. Kuma ya zo ya ƙi yi, wai na yankin Amurka ne, na'urata ta wani yanki ce daban. Sai da na sayi wata na'urar. In ka haɗa lissafi, manhaja ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Nura K: Hajiya, manhaja kowane wata za ki biya. Faifai sau ɗaya ne, ya zama naki.

Baban Amira: Na gode jama'a. Amma batun tsoron fa? Akwai wanda ɗansa ya ji tsoron 'yan tsanan?

Malama Rabi: Ni ƙananan yara nake koyarwa, kuma da 'yar tsanar hannu nake musu labari. Abin da na gani shi ne girma ne yake tsorata su, ba ƙira ba. Ƙaramar da ke hannuna, suna ganin bakina yana motsi amma ita suke kallo, ita suke ba amsa, har wata takan raɗa mata magana a kunne. Mai girman mutum kuwa sai kuka. A tsohon shirin akwai dodanni manya irin Sweetums, mutum ne sukutum a ciki, ga fashe-fashe da ihu, kuma barkwancin rabinsa na manya ne. Ba don 'yar shekara 4 aka yi shi ba. In 'yar tsana kake so, Sesame Street ya fi dacewa da ita, tun 1969 don yaran da ba su shiga makaranta ba aka tsara shi.

Sadiq 3D: Malama, da girmamawa, aji daban, allo daban. Ni wannan aikin nake yi, na san abin da ke riƙe idon yaro.

Hajiya Bilki: Sadiq, 'ya'yanka nawa?

Sadiq 3D: Hajiya, sai mutum ya haihu zai san zane?

Hajiya Bilki: Ba zane aka tambaya ba, yaro aka tambaya. Na goyi huɗu. Biyu sun so 'yan tsana, ɗaya ya ƙi, autar kuma duk abin da ke motsi kallo take yi.

Dattijo: Riƙe idon yaro ba shi ne gwaninta ba. Caroll Spinney ya yi kusan shekara 50 a cikin Big Bird, ƙaton tsuntsun Sesame Street, daga 1969 zuwa 2018. Hannunsa na dama a miƙe sama da kansa yana riƙe da kan tsuntsun, ba ya ganin waje, sai ɗan ƙaramin allo da aka ɗaura masa a ƙirji yake kallo. Yaron da ke tsaye kusa da shi a shirin abu na gaske yake taɓawa, kana gani a fuskarsa. Wannan kwamfutarka ba ta da shi.

Nura K: Haka aka yi wa Thomas, jirgin ƙasan nan na shirin yara. A da jiragen ƙasa ne 'yan ƙanana na gaske a kan dogo, ana canja musu fuska da hannu, ido kawai ke juyawa. A 2009 aka mayar da shi na kwamfuta, a 2021 kuma aka zane shi yana tsalle daga kan dogo. Jirgin ƙasa yana tsalle, don Allah!

Sadiq 3D: Thomas ba 'yar tsana ba ne, kada a cakuɗa mana magana.

Ummu Hanif: Ni duk wannan bai dame ni ba kamar murya. A zana shi, a ɗinka shi, na yarda. Amma a canja murya a ce min shi ne? Henson mai muryar Kermit ta asali ya rasu a 1990, Steve Whitmire ya karɓi Kermit, da ƙyar kunnena ya saba. Na saba ke nan aka sauke shi, Matt Vogel ya hau a 2017. Yanzu in na ji shi daga kicin ban san wa ke magana ba sai na leƙo.

Abu Mus'ab: Wannan shi ne. 'Yar tsanar ba ta canja ba amma ba shi ba ne.

Dattijo: Whitmire ma ba shi ba ne. Ku da kuka tashi da shi kuke ganin haka.

Ummu Hanif: Baba Dattijo, mutumin ya fi shekara 25 yana yi, kuma tun zamanin Henson yake cikinsu.

Dattijo: Ko shekara ɗari ya yi. Ki sa muryar 1979 ki sa ta 1999 ki rufe ido, sannan ki dawo mu yi magana.

Sadiq 3D: To kun gani, ashe ba kwamfuta ce ta ɓata muku shi ba.

Kawu Zolaya: Ni zan iya muryar, wa ke da lambar masu ɗaukar aiki?