Ƙwayoyin tushe na gyara jijiyar mai cutar MS, ko talla ce kawai?

Maman Biyu, Agege:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ce, shekarunta 29, an yi mata hoton MRI likita ya ce cutar MS ce, wato multiple sclerosis, mai taɓa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Bara idonta na hagu ya dushe ya dawo, bana kuma ƙafar dama take ja. Wani wuri a nan Legas sun ce za su ɗebi kitsen cikinta, su tace ƙwayoyin tushe (stem cells, waɗanda jiki ke sabunta sassansa da su), su ɗura mata kamar ƙarin ruwa, wai jijiyoyin da suka lalace za su sake tsirowa. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Masana, ku taimaka mana.

Likitan Jijiya, Surulere:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ta lafiya. Kada ku biya. Irin ƙwayoyin da suke nufi an gwada 'yan'uwansu na ɓargo a binciken MESEMS, mutum 144, sakamako ya fito a 2021: ba su yi wa masu jinyar illa ba, amma bayan mako 24 sabon kumburi a ƙwaƙwalwa bai ragu ba.

A MS garkuwar jiki ce take cin rigar da ta lulluɓe jijiya a ƙwaƙwalwa da laka, kamar ɓera ya ci robar wayar lantarki. Hana ɓeran aiki ɗaya ne, mayar da robar wani aiki ne daban. Dashen da yake da hujja mai ƙarfi, wato na ƙwayoyin ɓargon mutum da kansa masu samar da jini (ba irin na MESEMS ba), ɓeran kawai yake kora. Binciken MIST na Richard Burt a Chicago, 2019, mutum 110: naƙasa ta ƙaru ga 3 cikin waɗanda aka yi wa dashe, ga 34 cikin masu amfani da magani. Amma waɗannan masu cutar da ke tashi tana lafawa ne, kuma tana kan ganiyarta. Wanda ya daɗe a keken guragu, hotonsa ba sabon kumburi, haɗarin ya fi masa amfanin yawa.

Kafin komai ma, an yi mata gwajin jini na AQP4 da MOG, masu gano cututtukan da ke kama da MS? A cikin baƙar fata cutar NMO, wadda gwajin AQP4 ke ganowa, ba baƙuwa ba ce, tana kama ido da laka, ana kuma ɗaukarta MS. Wasu magungunan MS, irin su intaferon, ƙara tsananta ta suke yi.

Malam na Sashen Jini:
Dakta ya faɗi gaskiya. Bari in zayyana yadda dashen yake, don Hajiya ta ga bambancinsa da ƙarin ruwan awa biyu.

Ana fara ba da siklofosfamid, wani maganin kansa mai ƙarfi, da allurar G-CSF mai zaburar da ɓargo na kwanaki, su koro ƙwayoyin daga ɓargo zuwa jini. Inji ya tace jinin, a tara aƙalla ƙwayoyin tushe na jini (CD34) miliyan 2 a kan kowane kilo na nauyin jiki, a daskarar da su. Sai babban aikin: siklofosfamid miligiram 200 a kan kowane kilo, a rarraba cikin kwana 4, haɗe da ATG, maganin da ke kashe ƙwayoyin garkuwa, su share garkuwar jikin da ta ɓata. A nan maganin yake. Ƙwayoyin da ake mayarwa bayan haka ceto ne kawai, don ɓargo ya farfaɗo da wuri. Fararen ƙwayoyin jini kan dawo cikin kwana 10 zuwa 14, kuma waɗannan kwanakin su ne masu hatsari: zazzaɓi ya tashi, dole maganin ƙwayoyin cuta ya shiga jini cikin awa guda, a kuma tanadi jini da ƙwayoyin daskarar da jini.

Siklofosfamid yana ƙona mafitsara har a yi fitsarin jini, shi ya sa ake haɗa shi da mesna, maganin kare mafitsara, da ruwa mai yawa. Yana iya tsayar da haila da haihuwa, don haka mace mai shekara 29 a yi maganar adana ƙwai tun kafin a fara. A ƙasarmu kuwa sai an duba ciwon hanta nau'in B da tarin fuka, domin suna kwance a jikin mutane da yawa, garkuwa na faɗuwa su tashi. A binciken Ottawa na 2016, inda aka yi amfani da haɗi mai ƙarfi da maganin kansa busulfan, cikin mutum 24 ɗaya ya rasu.

Akwai cibiyar dashen ɓargo a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, amma don masu sikila aka kafa ta, kuma can ɓargon ɗan'uwa ake sa wa mara lafiya. Wannan wani tsari ne.

Maman Biyu, Agege:
Na gode, Dakta, na gode Malam. To gyaran jijiyar shi kansa fa, babu shi ke nan?

Likitan Jijiya, Surulere:
Ana kan nema, Hajiya. A 2023 an fitar da gwaji biyu na ƙwayoyin tushe na jijiya: mutum 12 a Milan da aka sa wa ta ruwan laka, da mutum 15 a aikin haɗin gwiwar Kambirij da Italiya da aka sa wa cikin ƙwaƙwalwa. Manufarsu a ga ko jiki zai jure, kuma ya jure. Babu rukunin kwatantawa, saboda haka ba za a ce sun warkar ba.

Ni hanyar da na fi sa wa ido ita ce farkar da ƙwayoyin gyara da ke cikin ƙwaƙwalwa tun asali, waɗanda tsufa ke sa su kasala. An gwada kilimastin, tsohon maganin ƙaiƙayi, a San Francisco a 2017 kan mutum 50, saƙon ido zuwa ƙwaƙwalwa ya ƙara sauri da kusan kashi 2 cikin 1000 na daƙiƙa. Na'ura ce ta gani, mara lafiya bai ji ba. Kada a saye shi a kemis, yana kawo barci da kasala, kuma a wani gwaji na masu MS ɗin da ke ƙaruwa a hankali ba lafawa an ga ya ƙara wa wasu naƙasa.

Ku koma wurin likitanta da faifan MRI ɗin, ba takardar rahoto kaɗai ba. Ku tambayi gwajin AQP4, gwajin ruwan laka, da ko ta dace da rituksimab, maganin danne garkuwar jiki, wanda akan maimaita duk wata 6. In zafin rana ya sa ƙafar ta ƙara nauyi sannan ta saki bayan ta huce, wannan ba sabon tashi ba ne. Tashin da ya wuce awa 24 ba tare da zazzaɓi ba, shi ne za ku kai ta asibiti a ranar.